Talaka: Matsayi Ne Ko Jini?

Duk wanda ya zaga ganuwar birnin Katsina, ko abin da ya rage daga cikinta, zai lura cewa da yawa daga ƙofofinta sunayen masu sarauta suke ɗauke da su. Akwai Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar 'Yanɗaka, ga kuma Ƙofar Marusa, wadda yanzu sunanta ya zama na unguwa guda mai ɗimbin jama'a. Marusa tsohuwar sarauta ce a Katsina tun kafin jihadi, haka ma sauran ukun. Su kuwa dubban mutanen da suka haƙo ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗauka a ka har ganuwar ta tashi, suka kuma riƙa komawa gyaranta duk sa'ad da damina ta ci ta, suna ɗaya ne ya tattara su baki ɗaya, shi ne talakawa. A kan wannan kalma nake so mu tattauna da ɗalibai da malamansu a wannan fitowa, duk da cewa ni malamin ilimin halittu ne, ba na harshe ba. Dalilina shi ne kalmar ta daɗe da shigowa ajinmu ba sallama, tana kuma yin ɓarna a can.

Idan ka tambayi ɗalibin sakandare a yau ma'anar talaka, kusan ba shakka zai ce maka shi ne marar kuɗi. Amsar ba ta fita daga hanya ba, to amma rabin zance ce, kuma rabin da ya zo daga baya. A tsohon tsarin ƙasar Hausa, talaka shi ne ɗa, wato wanda ba bawa ba, wanda kuma ba ya riƙe da wata sarauta. Shi ne wanda ake mulka. Kishiyar talaka basarake ne, ba mai kuɗi ba. Shi ya sa ake cewa talakawan Sarkin Katsina, ko a ce hakimi ya tara talakawansa. A wannan ma'ana, Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, talakan Sarkin Kano ne. Haka kuma ɗan sarkin da sarauta ta bar gidansu yana iya wayar gari ba shi da na cefane, amma babu mai kiran sa talaka, in ba da nufin cin fuska ba.

Ga wani ɗan gwaji da mai karatu zai iya yi da bakinsa. Ana cewa talakan wane, amma ba a cewa matalaucin wane. Kalmar farko tana buƙatar wani a ɗaya gefen, kamar yadda ɗalibi ke buƙatar malami kafin ya amsa sunansa. Ta biyun kuwa bayanin aljihun mutum ce kawai. Ashe ke nan talaka sunan dangantaka ne tsakanin mutum da mai mulkinsa.

Ita kanta siffar kalmar tana da abin sha'awa. Me ya sa muke cewa talaka da talakawa, amma sai mu ce talauci? Ina harafin k ya tafi? Wani masanin harsuna Bajamushe mai suna August Klingenheben ya yi bayanin wannan a ƙarshen shekarun 1920. Ya nuna cewa a tarihin Hausa, k da 'yan uwanta idan suka zo a ƙarshen gaɓa sai su rikiɗa su koma u. Saboda haka talak da ci suka haɗu suka ba da talauci, kamar yadda muke da ɓauna amma jam'inta ɓakane. Wani reshe na wannan sauyi, wanda ya shafi b da m, bai game ko'ina ba, shi ya sa har yau tsofaffin Katsina ke cewa zamna da sabro inda Bakano ke cewa zauna da sauro. Abin lura a nan shi ne talauci daga talaka aka ciro shi, asalinsa zaman talaka ke nan, kamar yadda jakanci yake halin jaki. Kalmar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. Zabarmawa na cewa talka, Buzaye na da mai kama da ita, Yarbawa ma sun are ta suna kiran matalauci talaka. Ta yi tafiya mai nisa tare da fatake da malamai.

To, yaya aka yi ma'anar mulki ta dusashe, ta rashin kuɗi ta mamaye wurin? Amsar tana cikin tarihin da kakanninmu suka gani da idonsu. Bayan da Turawa suka shigo Katsina a 1903, sun bar sarakuna a kan mulki ƙarƙashin tsarin En'e. Haraji da jangali da aikin tilas da kotun alƙali da 'yan doka duk ta hannun masu sarauta suke bi, saboda haka mutum ya san shi talaka ne kowace shekara, ranar da mai unguwa ya zo da takardar haraji. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, sai ta ɗauki kalmar ta mai da ita tuta. A bakin Malam Aminu Kano da mabiyansa, talakawa su ne waɗanda ake mulka kuma ake tatsa, don haka ma'anoni biyun suka haɗe wuri ɗaya. Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda a lokacin Katsina ke cikinta, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Yaron da aka haifa a Ƙofar Marusa bayan wannan lokaci bai taɓa ganin an kama ubansa saboda haraji ba. Abin da ya gani shi ne tsadar abinci da kuɗin makaranta. Ba laifinsa ba ne in ya ɗauka talaka da matalauci abu ɗaya ne.

Hausa kuwa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba, kowace da inda ta dosa. Matalauci shi ne marar dukiya. Faƙiri da miskini daga Larabci suka zo, suna cikin rukuni takwas na waɗanda ake ba zakka kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, kuma malaman Malikiyya sun bambanta su: faƙiri yana da ɗan abu amma ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Mabuƙaci kalma ce mai ladabi, tana nuna halin da ake ciki yau wanda gobe yana iya wucewa. Marar galihu shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa. Bara, jam'insa barori, shi ne wanda ya jingina da wani babba yana yi masa hidima da yardarsa, yana kuma iya barin sa. Bawa daban yake da waɗannan duka, kuma a nan ne lissafin sama da ƙasa yake rikicewa, domin a fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, amma ɗa talaka yana durƙusa musu. Sai kuma kalmomin raini, irin su yaku-bayi da ƙasƙantattu da tarkacen mutane. Waɗannan ba su gaya maka komai a kan wanda aka kira da su, sai dai su gaya maka halin mai magana. Na ƙarshe a zuwa ita ce masu ƙaramin ƙarfi, wadda gidajen rediyo da jami'an gwamnati suka fi so, kuma zan dawo kanta.

Inda abin ya dame ni shi ne mataki na uku. Kalmar ta tashi daga matsayi ta koma aljihu, yanzu kuma a bakin wasu tana neman komawa jini. Za ka ji an ce wane ai jinin talakawa ne, ko a ce halin talaka ba ya ɓuya, kamar dai wani iri ne na ɗan Adam da ake gado. Akwai karin maganar da ke cewa talaka ba aboki ba ne, ko ka so shi ran biki ka ƙi shi. Akwai kuma wadda ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wadda asalinta yabo ce, amma ana juya ta a ce mai rarrafe ma ba zai haifi mai gudu ba. Na sha jin ɗalibi mai kaifin basira yana cewa shi ɗan talaka ne, karatun likita ba nasa ba ne. In yana nufin ba shi da kuɗin makaranta, wannan matsala ce ta gaske da ake iya neman mafitarta. In kuwa yana nufin ƙwaƙwalwarsa ta talakawa ce, to an cuce shi, kuma wani ɓangare na cutar a ajin ilimin halittu aka yi masa.

Ga yadda abin ke faruwa. Malami yana koyarwa da Turanci, ya ga yara ba su gane ba, sai ya juya zuwa Hausa, wanda kuwa daidai ne. To amma littafin da ke hannunsa cike yake da kalmomin sarauta. Tun 1735 da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu, ya kira manyan rukunan da sunan masarautu. Tsofaffin littattafai kuma suna maganar halittu na sama da na ƙasa, ra'ayin da ya samo asali tun daga Aristotal, wanda ya jera halittu kamar matakalar tsani. Sai malami ya ce wa yara zaki basarake ne, tsutsa da bakteriya su ne talakawan halittu. Yara su yi dariya, su kuma riƙe. Alhali rukunan Linnaeus ba darajoji ba ne, akwatuna ne, ƙarami cikin babba, kamar unguwa cikin gari, gari cikin jiha. Masana na yau sun daina zana tsani, bishiya mai rassa suke zanawa, kuma duk halittar da ke raye yau a kan wani reshe take. Su bakteriyan da aka raina sun fi shekara biliyan 3 a duniya. Wasunsu ne ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki, abin da ya sa manomin ƙasar Katsina ke haɗa gero da wake a gona ɗaya. Da za su tafi yajin aiki, da zaki bai kai ko'ina ba.

Misalin da ya fi kowane yawo a azuzuwa shi ne na ƙudan zuma. Ana ce wa yara a cikin amya akwai sarauniya da talakawanta, kowa ya san matsayinsa, shi ya sa suke zaune lafiya. Sunan ma kansa tarihin kuskure ne. Ƙarnoni da yawa Turawa suna kiran ta sarki, sai a 1609 wani Bature mai kiwon zuma a Ingila, Charles Butler, ya rubuta littafi yana cewa mace ce, daga baya Jan Swammerdam na ƙasar Holan ya feɗe ta ya ga ma'ajiyar ƙwai. Aka cire mata rawani aka ɗaura mata kallabi, amma aka bar ta a gadon sarauta. Gaskiyar magana ba ta mulkin kowa. Aikinta saka ƙwai, wanda a lokacin yalwa yakan haura 1,500 a rana. Ma'aikatan ne ke ciyar da ita, su ne ke gina ɗakin da za a reni wata, su ne ke maye gurbinta in ta gaza, kuma in taron zai ƙaura, 'yan leƙen asiri daga cikinsu ne ke zaɓen sabon mazauni. Bugu da ƙari, ƙwan da ke zama uwar amya da wanda ke zama ma'aikaciya iri ɗaya ne. Abinci da ɗakin reno ne ke raba su: wadda aka ci gaba da ba wani farin ruwa mai kauri da ma'aikata ke fitarwa daga jikinsu takan fito uwa cikin kwana 16, 'yar uwarta kuwa ta fito ma'aikaciya cikin kwana 21. Ba ina cewa mu koma amya mu ɗauko darasin siyasa ba ne, ko na sarauta ko na sawaba. Ƙudan zuma ba shi da hakimi, ba shi da jam'iyya. Abin da nake roƙo shi ne malami ya ce uwar amya da ma'aikata, ya bar talaka a inda Bahaushe ya ajiye shi.

To amma akwai abin da ilimin halittu ya gano game da zama a ƙasa, wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1967 aka fara wani bincike a Landan kan ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000, wanda aka fi sani da binciken Whitehall, kuma sunan Michael Marmot ya shahara da shi. Dukansu suna da albashi, dukansu suna da damar zuwa asibiti kyauta. Duk da haka aka tarar waɗanda ke matakin ƙarshe, irin su masinjoji, suna mutuwa da ciwon zuciya fiye da ninki uku na manyan jami'ai, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani ɓangare ne kawai na tazarar. Mai gardama zai ce wataƙila dama marasa lafiya ne ke tsayawa a ƙasa. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba a iya gwada ta a kan mutane, amma an gwada ta a kan birai. A 2016 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Jenny Tung, suka buga sakamakon aikinsu kan birai mata 45. Sun kasa su biyar-biyar, suna shigar da su keji ɗaya bayan ɗaya, domin a irin waɗannan birai wadda ta riga shiga takan zama ta sama. Da suka auna jini, sai suka ga garkuwar jikin na ƙasa tana aiki daban, ta fi saurin tayar da kumburi. Daga nan suka wargaza rukunan suka sake haɗa su, wasu na ƙasa suka koma sama, wasu na sama suka koma ƙasa. Jinin ya bi sabon matsayi. Ke nan matsayi ne ya shiga jini, ba jini ne ya haifar da matsayi ba.

A wurinmu hanyar da ya fi bi ya shiga jiki ita ce ta ciki. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Tsumburewa takan faru ne cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, sakamakon ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa da zazzaɓi, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa ƙashi. Wanda bai sani ba zai dubi irin wannan yaro a aji ya ce ai jinin talakawa ne. Mutanen Holan a tsakiyar ƙarni na 19 suna cikin gajerun Turai, yau suna cikin mafiya tsawo a duniya, sun ƙaru da kusan santimita 20 cikin shekara 150. Ba kakanni suka sauya ba, madara da ruwa mai tsabta da riga-kafi suka samu.

Wasu abokan aikina suna ganin tunda kalmar ta ɗauko wannan datti, gara a yar da ita gaba ɗaya, a riƙa cewa masu ƙaramin ƙarfi. Ban yarda ba. Wannan sabuwar magana tana da laushi a kunne, amma ta ɗora matsalar a kan mutumin, kamar ƙarfinsa ne ya zo ƙarami daga haihuwa. Wane ƙaramin ƙarfi ne ga wanda ya yini yana sauke buhunan masara daga mota, ko matar da ta yi daka ta yi surfe ta ɗebo ruwa kafin hantsi? Talaka kuwa, a ma'anarta ta asali, tana tuna mana cewa akwai wani a ɗaya gefen, wanda aka ba amana, wanda ake iya tambaya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 42, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, kuma a ƙarƙashinsa attajiri da lebura da malamin jami'a duk waɗanda ake mulka ne. Saboda haka ni a ganina, in ana maganar aljihu a ce matalauci ko mabuƙaci, in ana maganar zakka a ce faƙiri ko miskini, in ana maganar mulki da haƙƙi a ce talaka. In kuwa ana maganar tsutsa da ƙudan zuma da gara, kada a kira ko ɗaya daga cikinsu.

Da yake wannan mujalla ta kimiyya ce, ba na so ɗalibi ya karɓi maganata don kawai an buga ta. Abin da na faɗa game da sauyin ma'anar kalmar ana iya gwada shi ba tare da kayan aiki ba. Kowane ɗalibi a aji ya sami mutum 10 a unguwarsu, 5 da suka haura shekara 60, 5 kuma da ba su kai 25 ba. Ya yi wa kowanne tambaya ɗaya, ba tare da sauran suna ji ba, kuma ba tare da ya nuna amsar da yake so ba: attajirin da ba ya riƙe da kowace sarauta ko muƙami, talaka ne ko ba talaka ba ne? A rubuta amsa da shekarun mai amsa, a bar sunansa. Aji mai ɗalibi 40 zai tara amsa 400, malamin lissafi ya taimaka a fitar da kashi cikin ɗari na kowane rukuni. Hasashena shi ne masu cewa talaka ne za su fi yawa a cikin tsofaffi, musamman waɗanda suka taɓa biyan haraji kafin 1979, kuma tazarar za ta fi faɗi a cikin birni, irin su Ƙofar Marusa, fiye da ƙauyen da har yanzu dagaci ke raba gardamar gona. Ajin da ya yi aikin ya aiko da sakamakonsa ga editan wannan mujalla, ko ya yi daidai da hasashen ko ya saɓa masa.